Boilarmu ta mutu ana tsakiyar sanyi, gyara ko sabuwa, kuma wa za mu ba aikin?

Maman Ilham (Manchesta):
Assalamu alaikum jama'ar gida, dan Allah shawara nake nema cikin gaggawa. Boilar gidanmu ta mutu, ba ruwan zafi ba ɗumi a ɗakuna, ga yara uku har da jaririya kuma kun ga irin sanyin da ake zubawa wannan satin. Gidan saya muka yi ba haya ba balle in ce zan kira mai gida ya zo ya ji da abinsa. Kombi ce, irin boilar nan da ba ta da tanki, ita ke ɗumama gida ta kuma zafafa ruwan famfo, a gidan muka tarar da ita, takardunta sun nuna shekararta 16. Mai gyara ya zo ya duba ya ce allon lantarkin cikinta ya ƙone kuma tukunyar da ke zafafa ruwan tana yoyo, gyara zai ci kusan fam 700 kuma ya ce shi ba zai yi mana alkawarin za ta kai baɗi ba. Wani babban kamfani ya ce 3,400 sabuwa har da sakawa, sai kuma wani bawan Allah da aka haɗa Abban Ilham da shi a masallaci ya ce zai saka mana a 1,300 in dai kuɗi hannu za mu biya, gobe ma in mun shirya. Abban Ilham ya karkata ga na masallacin, ni kuma wlh zuciyata ta ƙi kwanciya. Gyara za mu yi ko sabuwa? Kuma ta yaya mutum zai gane mai sakawa na kirki a ƙasar nan?

Anti Rabi (Bolton):
Wa alaikumus salam, subhanallahi sannu ƙanwata. Kafin a zo maganar boila, ki tattara yaran ɗaki ɗaya ku kwana. Ina da hitar lantarki mai mai a ciki guda biyu a ajiye, ki turo Abban Ilham ya karɓa yanzu Bolton ba nisa. A soket ɗin bango za ki jona ta kai tsaye ba a kan wayar ƙari ba, kuma kar a shanya kayan jaririya a kanta komai jiƙarsu.

Sadiq (Kobentiri):
Anti kafin ku kashe kuɗi ku leƙa bayan gida tukuna. Akwai wani farin bututun roba da ke fitowa daga boilar yana zubar da ruwa a magudana, in sanyi ya yi tsanani ruwan cikinsa yakan daskare sai boilar ta kashe kanta tana wani gurgur. A sanyin 2018 gidaje da yawa wannan ce kaɗai matsalarsu, ruwan ɗumi kawai ake zubawa a kan bututun, ba tafasasshe ba, a danna maɓallin sake tashi shi ke nan.

Maman Ilham (Manchesta):
Na gode Anti Rabi Allah ya saka da alheri, ya kama hanya. Sadiq mai gyaran ya duba wannan, bututun lafiya lau yake, ni ma da idona na ga ruwa na ɗiga daga ƙasan boilar har ya jiƙa katakon kabad ɗin, ya kashe ta ya rufe mata ruwa ya ce kar mu kunna.

Hauwa Nas (Lids):
Maman Ilham dan girman Allah ki ji wannan, da ke da duk wanda ke karantawa. Kar sanyi ya sa a kunna kuka, wato murhun girki, ko a buɗe murfin obin a ce ana ɗumama gida, kuma kar a shigo da kaskon gawayi ɗaki, ko na turaren wuta ne kar a bar shi yana ci a rufaffen ɗaki. Gidajen nan a toshe suke ruf, tagogi gilashi biyu, iska ba ta shiga. Duk mun san yadda hayaƙin janareto ke kwashe iyali guda cikin dare a gida Najeriya, to iskar guba ɗaya ce, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, mutum ya ɗauka mura ce, sai ki ga duk gidan ana ciwon kai lokaci ɗaya in an fita waje a ji sauƙi. Boilar da aka saka ba daidai ba ita ma tana fitar da wannan iskar, shi ya sa maganar wa zai saka ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. Ɗakin jaririya tsakanin digiri 16 zuwa 20 ya isa, kar ki lafta mata barguna saboda tsoro.

Abban Yusra (Shefild):
Salam. Ni aikina ke nan, kula da gas da ɗumama gidaje, amma ba neman aikin nake ba, na yi nisa kuma hannuna a cike yake har ƙarshen wata, don haka ku ɗauki maganata a ta ɗan'uwa.

Maganar gyara dai a bar ta. Yawancin boila shekara 10 zuwa 15 suke yi, taku ta yi 16, kuma manyan abubuwa biyu ne suka tafi lokaci ɗaya, mai yiwuwa ma yoyon ne ya sauka kan allon ya ƙona shi. In kun zuba 700 yau, fanka ko famfon ciki na nan na jiran nasu lokacin. Da ƙaramin abu ne kamar bawul ko allurar firesha, mai nuna ƙarfin ruwan cikinta, ce ta sauka ƙasa da 1 da ni zan fara cewa ku gyara. Mai gyaran nan da ya ƙi yi muku alkawari ya faɗa muku gaskiya, ku riƙe lambarsa, ku ce ma ya ba ku farashin sabuwa.

Sai maganar wa zai saka. A ƙasar nan doka ce, duk mai taɓa gas a matsayin sana'a sai yana cikin rajistar Gas Safe, ba zaɓi ba ne. Kowane mai rajista yana da kati mai hotonsa da lambar lasisi mai lamba 7 da ranar da katin zai ƙare, duk shekara ake sabuntawa. Ku juya bayan katin, a nan aka jera irin aikin da aka yarda ya yi, don wani kuka kawai aka ba shi izini ba boila ba. Ku ɗauki lambar ku saka a shafin Gas Safe na intanet, sunansa da hotonsa za su fito. Mai gaskiya ba ya jin haushi in an ce ya nuna kati, mu da kanmu muke miƙawa tun a bakin ƙofa. Abban Ilham ya tambayi na masallacin wannan lambar kawai, sauran magana sai ta biyo baya.

Baban Khalifa (Bamingham):
Ni fa ina da ja a nan. Kullum muna cewa mu taimaki namu, yanzu ga namu ya zo da sauƙi kuma tun ba a gan shi ba an fara yi masa kallon ɗan damfara. Bambancin 1,300 da 3,400 fa fam dubu biyu da ɗari ne jama'a, ku juya shi zuwa naira ku gani, mutum na biyan bashin gida yana biyan harajin kansul, wato ƙaramar hukuma, ga 'yan'uwa a gida na jiran a turo. Manyan kamfanonin nan rabin kuɗin na talla ne da fentin mota. Kuma masu katin ma ai suna aikin banza, na ga gidan da mai kati ya saka boila ruwa ya riƙa bin bango har fenti ya kumbura. Kati ba shi ne iya aiki ba.

Maman Walid (Landan):
Baban Khalifa ba wanda ya ce ɗan damfara ne, lamba kawai aka ce ya bayar. In yana da ita ai shi ke nan an taimaki namu.

Abban Yusra (Shefild):
Malam Baban Khalifa ka yi gaskiya a abu biyu, manyan kamfanoni suna da tsada kuma akwai masu kati da aikinsu bai da kyau, na sha zuwa gyara ɓarnar irinsu. Amma duba lissafin 1,300 ɗin nan. Kombi mai ɗan kyau ita kaɗai a shagon kayan famfo tana kai fam 800 zuwa sama da 1,000, ga bututun fitar da hayaƙi, ga filta, ga maganin hana tsatsa, ga tamostat mai daidaita ɗumin gida, ga wunin mutum guda yana aiki. To me aka cire har kuɗin ya sauko haka? Ko boilar tsohuwa ce da aka ciro daga wani gida, ko ba za a wanke bututu ba, ko ba za a kai rahoton aikin ba. Kuma bambancin shi ne in mai rajista ya ɓata maka aiki kana da inda za ka kai ƙara, Gas Safe na turo mai bincike ya duba, suna iya tilasta masa ya gyara ko su cire shi daga rajista. Wanda ba ya ciki in ya kashe wayarsa wa za ka kama? Kamfanin da ya ƙera boilar ma ba zai ba ka garanti ba, inshorar gida kuma in wani abu ya faru tambayar farko da za su yi ita ce wa ya saka.

Alhaji Baba (Landan):
Assalamu alaikum 'ya'yana. Ni tun lokacin da ake kiran abin CORGI nake ƙasar nan, a 2009 aka mayar da shi Gas Safe. Abin da zan ƙara shi ne maganar sayar da gida, don ku matasa kuna saye ba ku tunanin ranar sayarwa. In aka saka sabuwar boila, mai sakawa zai sanar da Gas Safe cikin kwana 30, su kuma su sanar da kansul, sai a aiko maka da satifiket ta gidan waya cewa aikin ya bi dokar gini. Ranar da za ka sayar da gidan lauyan mai saye sai ya nemi wannan takardar. Wani maƙwabcina cinikin gidansa ya tsaya cak a kan takardar nan, sai da ya biya aka zo aka sake duba komai, ya sayi wata inshora ta musamman, mai sayen kuma ya samu ƙofar neman ragi. Wanda ya saka masa ya daɗe da barin garin. Araha ba ta ado.

Baban Khalifa (Bamingham):
Allah ya ƙara girma Alhaji, na ji wannan. Amma ai ana yi, shi ya saka sai abokinsa mai kati ya zo ya duba ya sa hannu, kowa ya huta.

Abban Yusra (Shefild):
Ana yi amma ba halal ba ne a dokarsu, mai rajista ba shi da izinin sa hannu a kan aikin gas da marar rajista ya yi, in aka kama shi lasisinsa ne zai tafi, marar rajistar kuma kotu ake kai su, akwai waɗanda aka ɗaure. Kuma ka yi tunani, wanda zai sa hannu a kan bututun da bai ga yadda aka haɗa ba, me sa hannunsa zai tsare maka?

Maman Ilham (Manchesta):
To jama'a Abban Ilham ya kira shi. Mutumin bai ɓoye komai ba gsky, ya ce yana da kati amma na kamfanin da yake wa aiki ne, wannan aikin shi a ƙarshen mako yake yi don kansa, ya ce ba zai iya ba da satifiket ba amma aikinsa ba a taɓa kuka da shi ba. Abban Ilham ya ce tunda yana da kati ai magana ta ƙare. Abban Yusra haka ne?

Abban Yusra (Shefild):
A'a Maman Ilham ba ta ƙare ba, kuma nan ne mutane da yawa ke shiga ciki. Katin da ya samu ta hannun kamfani yana aiki ne kawai in kamfanin ne ya tura shi. In ya fito aikin kansa ranar Asabar, a idon doka daidai yake da marar rajista har sai ya yi rajistar kansa, kuma inshorar kamfanin ba ta bin sa zuwa gidanku. Ina kyautata zaton ya iya aikin tunda shi yake yi kullum, amma da bakinsa ya ce ba satifiket, ke nan ba garanti, ba takardar kansul, ba inda za ku je in ta lalace a watan gobe. Ki ce wa Abban Ilham ya kira ni in yana so mu yi magana namiji da namiji, zan turo lambata ta akwatinki.

Alhaji Baba (Landan):
Ku gaya wa yaron nan ya je ya yi rajistar kansa. Tunda yana da takardun ƙwarewa abin ba zai yi masa wuya ba, in ya yi mu nan gidan za mu cika shi da aiki har ya rasa lokaci. Taimakon namu ke nan Baban Khalifa.

Baban Khalifa (Bamingham):
Wannan kam na yarda Alhaji. Amma har yanzu ina nan kan bakana cewa 3,400 ya yi yawa a cire kombi a mayar da kombi a wuri ɗaya.

Maman Walid (Landan):
A nan kam ina bayanka. Mu a Landan ma da komai ya fi tsada ba mu biya haka ba, ƙaramin kamfani muka samu na mutum ɗaya da yaronsa. Maman Ilham ki shiga shafin Gas Safe ki saka lambar unguwarku zai jero miki masu rajista na kusa, sannan ki shiga shafin masu ƙera boilar, Worcester Bosch ko Vaillant ko Ideal ko Baxi, kowanne yana da jerin masu sakawa da ya amince da su kuma ta hannunsu garantin ya fi tsawo, wasu har shekara 10 ko 12. Ki kira uku, ki tambayi maƙwabtanki Turawan nan tsofaffi ma, su suka san wanda ya shekara ashirin yana aiki a layin. Ni wanda duk ya ba ni farashi ta waya bai zo ya ga gidan ba ko bai ce in turo hotuna ba na ajiye shi gefe.

Ummu Sultan (Lesta):
Ni tambayata tunda za a canza me zai hana su sa babba gaba ɗaya, mu tamu in ana wanka a sama wani ya buɗe famfon kicin sai ruwan ya koma sanyi, da asuba kowa na son alwala abin ba daɗi.

Abban Yusra (Shefild):
Ummu Sultan wannan halin kombi ne, ba ta da tanki, ruwan da ke wucewa take zafafawa nan take, in an buɗe famfo biyu sai su raba. Girma yana taimakawa amma yana da iyaka. Mai kilowat 24 tana ba da kusan lita 10 a minti, mai 30 kusan lita 12, mai 35 kusan 14 zuwa 15, amma in ruwan da ke shigowa gidan daga titi lita 11 ne a minti ko kin sa mai 40 ba za ta ƙirƙiro ruwa ba, kin yi asarar kuɗi kawai. Mai sakawa na kirki zai auna wannan a famfon kicin kafin ya ce ga wadda ta dace, ke ma za ki iya da bokiti da agogo. Gidan da ke da banɗaki biyu da mutane da yawa gara boila mai tankin ruwan zafi.

Maman Ilham ga abin da za ki saurara in sun zo. Ya ƙirga radiyetoci, ƙarafan nan masu ɗumama ɗakuna, ya tambayi banɗaki nawa. Ya duba bututun gas daga mita, don sabbin kombi da yawa suna son mai faɗin milimita 22 tsofaffin gidaje kuma wani wurin 15 ne, in bai duba ba ranar aiki zai ce a ƙara kuɗi. Ya ɗan buɗe radiyeta ɗaya ya ga launin ruwan, in baƙi ne kamar tawada to tsatsa ta taru sai an wanke bututun kafin a ɗaura sabuwa, in ba haka ba dattin shekara 16 zai shige cikin sabuwar ya toshe ta kuma masu garanti ba sa biyan ɓarnar datti. Wani gidan wankin magani ya isa, wani sai an sa inji, na injin yana ƙara ɗaruruwan fam don haka ya nuna miki ruwan da idonki kafin ki yarda. A sa filta mai maganaɗisu a zuba maganin hana tsatsa. Tun 2018 doka a Ingila ta ce sabuwar kombi sai da agogon lokaci da tamostat da ƙarin wata na'urar rage shan gas, to ki ga an rubuta wacce za a sa. Ku a Manchesta ruwanku ba shi da farin dutsen nan da ke kama butar shayi, su Maman Walid a Landan ne ke fama da shi, don haka in wani ya dage sai ya sayar miki da na'urar tace shi mai tsada ki tambaye shi dalili. Duk wannan a rubuce, da sunan boilar da lambarta da shekarun garanti da kuɗin gaba ɗaya har da haraji, da cewa shi zai kwashe tsohuwar.

Sadiq (Kobentiri):
A ƙara da farin bututun nan, in zai yiwu a bi da shi ta cikin gida zuwa magudanar kicin, in dole sai ta waje a sa mai kauri a naɗe shi.

Dakta Mansur (Edinbara):
Ba wanda ya kawo maganar famfon ɗumi, injin nan mai lantarki da ake girkewa a bayan gida yana zuƙo ɗumi daga iskar waje. Gwamnati na ba da tallafin fam 7,500 a Ingila da Wales ga wanda zai cire boila ya sa shi, mu a Sikotland namu tsarin daban ne. Tunda ƙasar ta nufi barin gas, ba gara a yi tsalle ɗaya ba?

Maman Walid (Landan):
Dakta mai jaririya a gida ba ɗumi kake ce wa ta jira a zo a auna gida a cike takardun tallafi? Abin yana ɗaukar makonni, sai an samo wurin tankin ruwa tunda masu kombi ba su da shi, wani lokacin a canza radiyetoci zuwa manya. Wannan shiri ne na bazara ga wanda boilarsa ke da sauran rai.

Dakta Mansur (Edinbara):
Haka ne, don masu karatu na faɗa, wanda tasa ta haura shekara 12 ya fara bincike tun yanzu kar ta mutu masa a Janairu ya rasa zaɓi. Maman Ilham ki kira kamfanin gas ɗinku ki ce a saka ku a rajistar masu buƙatar kulawa ta musamman, kyauta ne kuma gida mai yaro ƙasa da shekara 5 ya cancanta. Ki tambayi kansul ma ko akwai tallafin ɗumama gida da kuka cancanta, yawanci ya danganta da kuɗin shiga ko karɓar tallafin gwamnati, masu biza da aka rubuta ba su da haƙƙin kuɗin jama'a su karanta sharuɗɗan da kyau kafin su cike komai.

Maman Ilham (Manchesta):
Alhamdulillah Abban Ilham sun yi magana da Abban Yusra ya haƙura da na 1,300. Mutum biyu sun zo sun duba, ɗaya ya ce 2,250 ɗaya 2,500, na 2,500 shi ne ya buɗe radiyeta ya nuna mana ruwan baƙi ƙirin, ya auna famfo, ya ce garanti shekara 10, na duba lambarsa hotonsa ya fito da boila a jerin aikinsa. Ɗayan ko mita bai leƙa ba. Matsalar yanzu kuɗin, abin da ke hannunmu bai kai ba, ya ce akwai biya a hankali ta wani kamfanin bashi, Abban Ilham kuma yana tsoron riba.

Malam Abu Hafsa (Biradfod):
Tsoronsa a kan hanya yake, Allah ya ƙara masa taƙawa. Biya a hankali iri biyu ne, akwai wanda ake ɗora ruwa a kai, wannan riba ce ba ja. Akwai wanda suke cewa ba ruwa ko kaɗan, farashin yau shi ne na ƙarshe, amma a cikin takardar yawanci akwai sharaɗin tara ko ruwa in an makara, malamai sun saɓa a kan sa hannu a irin wannan, wasu sun hana saboda sharaɗin wasu sun sauƙaƙa ga mai larura da ya tabbata zai biya kan lokaci. Ku karanta takardar ku kai wa malamin da kuka amince da shi. In da hali rance daga 'yan'uwa ya fi kwanciyar rai.

Hajiya Ladi (Manchesta):
Maman Ilham ke da kike cikin adashenmu kike wannan damuwar? Ɗaukar wannan watan tawa ce, na bar miki, ni in karɓi taki a watan Afrilu, ba abin da nake yi da kuɗin yanzu. Kar ki ce komai, ki turo lambar asusu kawai.

Maman Ilham (Manchesta):
Hajiya wlh na rasa bakin godiya, Allah ya biya ku da aljanna ya raya zuri'a, Allah ya bar zumunci.

Baban Khalifa (Bamingham):
Masha Allah Hajiya Allah ya saka. Kun gani dai 900 ta ragu daga farashin babban kamfanin. Shawarata kar ku biya duka kafin aiki, ɗan kafin alƙalami kawai, sauran sai an gama kun ga kowace radiyeta ta yi zafi har ƙasa ruwan wanka ya zo. Ta banki za ku tura a ba ku rasit, banda kuɗi hannu. Wanda kuma ke amfani da katin kiredit yana biya kafin ruwa ya hau, in ya biya ko kafin alƙalamin ne da shi, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya sa kamfanin katin ma yana da alhaki in aikin ya lalace ko mai aikin ya ɓace, daga abin da ya haura fam 100 zuwa 30,000.

Abban Yusra (Shefild):
Ranar aikin kafin ya tafi ya cike shafin gwaji da ke bayan littafin boilar ya sa hannu da lambarsa, ku tabbatar ya yi rajistar garantin don yawanci kwana 30 ake bayarwa, ya nuna muku yadda ake ƙara ruwa in allurar firesha ta sauka, tsakanin 1 da 1.5 ake so in tana sanyi. Duk shekara a yi mata sabis a rubuta a littafin, in aka tsallake garantin na iya faɗuwa. Ku sayi ƙararrawar kabon monoksaid ku sa kusa da ita, ba ta wuce fam 20 zuwa 25 ba. In kun taɓa jin warin gas ku buɗe tagogi, kar a taɓa makunnin fitila, ku rufe gas a mita ku fita ku kira 0800 111 999.

Zainab ɗaliba (Notingham):
Dan Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa, mu haya muke mu huɗu, boilarmu tana ɗaukewa kullum mai gidan sai ya ce mu kashe mu kunna, yanzu ya ce in muna so a gyara mu haɗa kuɗi mu kira mai gyara. Haka dokar take?

Maman Walid (Landan):
Ko kusa Zainab, kar ku ba da ko fam ɗaya. Sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora gyaran ɗumama gida da ruwan zafi a kan mai gida, kuma dole duk shekara ya kawo mai rajistar Gas Safe ya duba gas ya ba ku kwafin takardar, tun Oktoban 2022 ma dole ya sa ƙararrawar iskar guba a ɗakin da boilar take. Ku daina kiran sa ta waya, ku rubuta masa saƙo da kwanan wata da hoton lambar da boilar ke nunawa in ta ɗauke, ku ba shi wa'adi, in bai motsa ba ku kai wa sashen kula da gidajen haya na kansul ɗinku, ofishin ɗalibai na jami'arku ma suna taimakawa da irin wannan. Amma kar ku riƙe kuɗin haya don fushi, wannan zai ba shi hujja a kanku. Ya taɓa ba ku takardar duba gas ɗin?

Zainab ɗaliba (Notingham):
A'a Anti, tun da muka shiga ba mu ga wata takarda ba, ƙararrawar ma babu.

Hauwa Nas (Lids):
To Zainab yau ɗin nan ku haɗa kuɗi ku sayi ƙararrawar ku sa, kar ku jira shi a kan wannan, rasit ɗin ku ajiye ku nemi kuɗinku daga baya. A saƙon da za ku tura masa ku fara da neman takardar gas ɗin, in ba shi da ita gobe da safe ku kira kansul.